Agogo da Sabuwar Motar Likita

Shekara ashirin da tara ya yi yana tuƙa mutum ɗaya. A layinsu babu mai kiran sunansa na yanka, sai dai Agogo, domin da fitarsa matan maƙwabta suke ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. In ka ji ya jawo ƙofar gida ya tsaya yana karkaɗe takalmi a bakin dakali, to shida saura kwata ce, ko ka duba ko kar ka duba. Siririn mutum ne mai dogon wuya, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Magana ba ta dame shi ba. Ko dariya zai yi sai ya fara kallon gefe tukuna, kamar mai duba madubi kafin ya sha kwana.

Wanda yake tuƙawa tsohon likitan tiyata ne. Ya daɗe da ajiye wuƙa, amma har yanzu yana zuwa asibiti kwana uku a mako, ya duba marasa lafiya, ya koyar da ɗalibai. Kowa Likita yake ce masa. Gwiwarsa ta dama ta lalace, da sanda yake tafiya, kuma babu abin da ya tsana irin a ga ana taimakonsa. Wannan ne ya sa aikin Agogo ya wuce tuƙi. In sun iso wuri, dole ya riga tsohon isa ƙofar baya, ya buɗe, ya tsaya a karkace ya miƙa damtse kamar ba da niyya ba, Likita kuma ya dafa kamar bai dafa ba. In ya yi jinkiri ko na numfashi biyu ne, tsohon zai tura ƙofar da kansa ya jefo sanda da ƙafa waje, yana nishi yana faɗa. Don haka Agogo ya haɗe tsayawa da sauka suka zama motsi guda: ƙafa a birki, ɗan yatsa ya taɓa maɓalli, hannun hagu ya ja ƙofa, sai ka gan shi a waje.

Maɓallin nan shi ne kan maganar. Duk motocin da Likita ya yi a rayuwarsa na kamfani ɗaya ne, ƙirar Jamus, manya baƙaƙe masu nauyin ƙofa. Huɗu ya canja tun zuwan Agogo, shi kuma ya tuƙa dukkansu. Biyun ƙarshe, shekara goma sha bakwai ke nan, giyarsu ba a ƙasa take tsakanin kujeru ba. Wani ɗan siririn ƙarfe ne a wuyan sitiyari, ta hannun dama. Ka ɗaga shi sama mota ta yi baya, ka danna shi ƙasa ta yi gaba, ka taɓa maɓallin da ke bakinsa ta kulle ta tsaya cak. Agogo ya daɗe da manta cewa yana taɓa shi. Yatsan ne yake zuwa da kansa, kamar yadda harshe yake zuwa wurin gibi.

Babban ɗan Likita, wanda ake kira Injiniya, shi ya kawo maganar canji. Agogo ne ya riƙa kai shi makaranta tun yana kuka a kujerar baya, shi ya sa har gobe Baba Agogo yake ce masa. Wata safiya ya same shi a harabar gidan Likita yana goge tayoyi.

"Baba Agogo, wannan tsohuwar taku fa ta isa hutu."

"Me ta yi maka?"

"Sati biyar kuka yi kuna jiran ƙarfen gyara guda ɗaya."

"Ai an samu."

"An samu bayan na buga waya ƙasa uku. Kuma ka ga yadda Baba yake shigarta? Sai ya nitse kamar an jefa shi rijiya, fitowa kuma sai da gardama."

Agogo ya matse tsumma. "Sabuwar irinta za a kawo?"

"A'a, wannan karon ta Japan ce. Ba ta ƙara, ba ta shan mai, kujerarta ta fi tudu. Za ka ji daɗinta, wallahi. Ita ce za ta riƙa tuƙa ka."

"To ni in yi me?"

Injiniya ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya wuce, yana tsammanin wasa ne.

Likita ya yi ta turjiya wata biyu. Ya ce shi tun yana saurayi bai taɓa juya wa kamfanin nan baya ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Sai ranar da ɗan ya lallaɓa shi zuwa wurin masu sayarwa, ya zauna a kujerar baya ta sabuwar, ya tashi, ya sake zama, ya sake tashi, gwiwar ba ta ce uffan ba. Shi ke nan magana ta ƙare.

Ranar da za a bayar da tsohuwar, Agogo ya wanke ta sau biyu, ko da yake ba wanda ya sa shi. Ya kwashe abin da ke cikin aljihun gaba ya zuba a leda: tsohon tabarau na Likita mai karyayyen hannu, tsinken sakace, ɗan almakashi, tocila, da wata igiya da bai tuna dalilinta ba. A wurin masu sayarwa, wata ma'aikaciya mai saurin baki ta zauna gefensa ta yi masa bayanin sabuwar cikin minti goma. Ga giya a ƙasa, ga maɓallin tayarwa, ga na sanyi, ga na ɗumama kujera. Ta nuna ƙarfen da ke wuyan sitiyari ta dama ta ce na waifa ne, mai share gilashi, maɓallin bakinsa kuma na fesa ruwa a gilashi.

"Akwai tambaya, Baba?"

"Na gane," in ji shi. Tun ba a haife ta ba yake tuƙi, ga Injiniya kuma tsaye yana kallo.

A gida, autarsa ta ɗauko littafin motar da ya shigo da shi a hammata. Wata huɗu ke nan da ta gama jami'a, tana zaune tana aika takardu wurare ba a amsawa, duk abin karantawa da ya shigo gidan sai ta cinye shi. Ta buɗe, ta ce bari ta karanta masa ta fassara.

"Yau tsako ne zai koya wa kaza tono?"

"Baba, ba tuƙi zan koya maka ba. Inda abubuwa suke kawai."

"Mota mota ce, Auta. Ƙafa huɗu gare ta."

Matarsa tana ninke wanki a gefen gado, ba ta ɗago ba ta ce, "Jaki ma ƙafa huɗu gare shi, Malam, amma ba a hawansa kamar doki."

"Tsohuwa, wa ya kasa da ke?"

"Tsohuwa tana can wurin masu sayarwa, ka baro ta."

Ya kalli gefe, sannan ya yi dariya. Littafin ya kwana a kan firji, ya kuma ci gaba da kwana a can.

Makon farko abin ya zama abin dariya. Da safe ya tayar da mota, ya kai hannu zai sa giyar baya, sai waifa ta tashi tana kartar busasshen gilashi, ƙiiƙ ƙiiƙ, sama garau ko gajimare babu. Ya yi sauri ya kashe ya lalubo giyar a ƙasa. Mai gadin gidan, wani ƙaton mutum mai son tsokana, yana riƙe da ƙofar get yana kallon sama.

"Agogo, ruwa ake yi a cikin motar taku? Mu nan ko ɗigo."

Washegari ma haka. Rana ta uku mai gadin ya fito da lema ya buɗe ta a gaban motar, ya tsaya ƙiƙam. Har Likita ya leƙo ta saman jarida ya ce, "Gilashin nan ya sharu haka, Agogo, mu tafi."

Agogo ya yi musu murmushi, amma shi bai ga abin dariya ba. Kuskuren tashi ba ya cutar da kowa, mota dai ba za ta motsa ba har sai ya gyara. Na tsayawa ne abin tsoro, kuma ya san haka tun ranar farko. Don haka duk inda za su tsaya, tun daga nesa yake fara gargaɗin hannunsa kamar mai jan kunnen yaro: ƙasa, ƙasa, giya tana ƙasa. Yana yin daidai, amma yana makara isa ƙofar baya, ya tarar Likita ya riga ya turo ta, sanda a waje, fuska a murtuke.

Ya fara fita daga gida biyar da kwata don ya samu rabin awa shi kaɗai da motar a haraba. Ya tayar, ya matsa gaba, ya tsaya, ya sa giya, ya sauka, ya koma. Sau ashirin, sau talatin. Matar da ke ƙofa ta uku ta aiko wa matarsa cewa a duba Agogon nan ko batir ya yi masa yawa, ta tashi yara da duhu-duhu sun yi wanka sun zauna suna gyangyaɗi. A haraba ba ya kuskure ko sau ɗaya, domin babu abin da yake tunani sai hannun. Yakan dawo gida da yamma kafaɗa a sandare, ya zauna bakin gado bai cire takalmi ba. Da can, ko doguwar tafiya suka yi, yana dawowa zai ɗauki bokiti ya bai wa shukokin bayan ɗaki ruwa. Yanzu daga gida zuwa asibiti da dawowa kawai, amma kamar ya yi dakon siminti.

"Ka gaya wa Likita mana," in ji matar.

"In ce masa me? Mota ta fi ƙarfina?"

"Ka ce a ba ka lokaci."

"Wanda ya ce a ba shi lokaci, lokacinsa ne ya ƙare."

Ta koma kan aikinta. Ta san gidan nan kaf a kan makullin motar nan yake tsaye, shi ma ya sani, faɗa ba zai ƙara komai ba.

A rana ta goma sha biyu aka kira Auta ganawar neman aiki a wani ofis da ke bayan asibitin. Likita da ya ji ya ce a zo da ita, ai hanya ɗaya ce. Ta zauna gaba kusa da mahaifinta, takardu a cinya, tana maimaita amsoshi a zuci, leɓenta na motsi. A babban titi suka tarar wata babbar mota ta mutu a tsakiyar gada. Minti arba'in suna jan ciki. Likita yana da ɗalibai ƙarfe takwas, kuma a shekara ashirin da tara Agogo bai taɓa kai shi a makare ba. Tsohon sai buga kan sandarsa yake yi a ƙasan mota, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Auta tana duba waya tana mayarwa, ita ma lokacinta yana tafiya. Agogo ya bi ta lungun bayan kasuwa, ya ratsa ta gidan mai, ya fito daidai fitilar ba da hannu ta gaban asibiti tana kore. A cikin minti goman nan ya dawo mutumin da yake a da. Idonsa yana kan hanya, hannu da ƙafa suna aikinsu, bai tuna da su ba.

Ya shiga rumfar ƙofar asibiti takwas da minti shida. Motar ɗaukar marasa lafiya ta biyo shi a baya tana hon. Ya taka birki, yatsa ya taɓa maɓalli, hannun hagu ya ja ƙofa.

Ruwa ya feso a gilashi.

Ya gan shi, ya kuma gane, amma ƙafar hagu ta riga ta taka ƙasa, ta dama ta bar birki. Motar ba ta zabura ba. A hankali ta fara tafiya, shiru, irin shirun da Injiniya yake yabo. Likita ya riga ya turo ƙofarsa, sanda da ƙafa ɗaya suna waje. Agogo ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana neman komawa ciki, gefen motar ya ture shi, ya faɗi a kan kafaɗa. Yana kwance ya ga sandar ta zame, ya ga tsohon ya fito daga motar a karkace, hannu a gaba, ya ji ƙarar da hannun ya yi a kan siminti. Auta tana ciki ita kaɗai tana ihu, "Baba! Baba!" tana jan sitiyarin da ba ta san yadda ake yi da shi ba. Motar ta yi taku goma ta daki wata babbar tukunyar fulawa ta kankare, ta tsaya tana turawa, waifa tana kaiwa tana komowa. Direban motar asibitin ne ya ruga ya shiga ya kashe ta.

Ɗaliban da suke jiran Likita su suka ɗaga shi. Wuyan hannunsa na hagu ya karye, goshi ya fashe, tabarau ya tarwatse. Aka ɗora shi a keken marasa lafiya, a ƙofar da ya shekara arba'in yana shiga da ƙafarsa. Agogo ya tashi da kansa, wando a yage a gwiwa, ya tsinci sandar. Ba wanda ya karɓa, sai ya tsaya riƙe da ita. Auta ta fito, ta kasa haɗa takardunta da suka watse a ƙasan kujera.

"Je ki, za ki makara," ya ce mata.

"Baba, jini a gwiwarka."

"Na ce ki je."

Ta je. Daga baya ta ce ba ta tuna ko tambaya ɗaya da aka yi mata ba.

Agogo ya yi awa uku a kan bencin baranda, sandar a tsakanin ƙafafunsa. Injiniya ya iso a guje ya shige ciki, ya daɗe, sannan ya fito ya zauna kusa da shi. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

"Baba Agogo, ba wanda ya ce da gangan ka yi. Kowa ya san ka. Amma ka duba, shekaru sun ja. Ka huta haka. Ba za mu bar ka ka wulaƙanta ba, ka san wannan."

"Na sani."

"Da mutum ne a gaban motar fa, ba tukunya ba?"

Tun ɗazu tambayar da Agogo yake yi wa kansa ke nan.

Sai aka ce Likita yana kiransu su biyu. Yana kishingiɗe, hannu a filasta, goshi da ɗinki huɗu. Ya dubi ɗansa da idon da ba tabarau.

"Me kake gaya masa a waje?"

"Baba, magana ce ta hankali."

"Ka zaɓa min mota, na yi shiru. Ba za ka zaɓa min direba ba. Ni na buɗe ƙofa mota ba ta gama tsayawa ba, shekara nawa yana hana ni. Agogo, ba ni sandata. In an gyara hancin motar ka zo ka ɗauke ni."

Agogo ya miƙa sandar da hannu biyu. Ya juya ya fita.

Kwana goma motar ta yi a gareji. A cikin kwanakin ya sauko da littafin daga kan firji da kansa, ya kaɗe ƙura, ya ajiye a gaban Auta. Ta karanta masa shafi-shafi, yana zaune da hannu a gwiwa kamar ɗan aji ɗaya. Tun ranar asibiti ba ta iya barci sosai, ko ƙofar firji aka buga sai ta zabura, amma muryarta ba ta rawa in tana karatun. Ranar da aka dawo da motar, Auta ta bi shi gidan Likita da filastar ciwo mai kaushi, ta naɗe bakin ƙarfen waifar da ita har ya yi ƙullutu, yadda in yatsa ya je zai ji baƙon abu ya janye. Mai gadi ya leƙo ya gani. Wannan karon bai yi tsokana ba, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," ya koma bencinsa. Agogo ya ji da ma lemar ya sake buɗewa.

Kwana tara ya yi yana tuƙi babu kuskure ko ɗaya. In za su tsaya yana faɗa a ransa: birki, hannu ƙasa, giya, duba harafin tsayawa, kashe inji, sannan ƙofa. Likita kuma ya daina turo ƙofa. Yana zama shiru, hannunsa mai lafiya riƙe da mariƙin da ke saman taga, ba ya saki sai ya ji injin ya mutu. Bai taɓa cewa komai a kai ba, wataƙila bai ma san yana yi ba. Amma Agogo yana ganin hannun a madubi kullum, jijiyoyi a tashe. Mutumin nan da yake barci a bayansa tun kafin su fita daga layi, har da minshari, yanzu jaridar ma a buɗe kawai take.

A rana ta tara suna dawowa da azahar, saura su sha kwana sau biyu su iso gida, ya riga ya fara karatunsa. Birki, hannu ƙasa, giya. Idonsa ya sauka kan giyar don ya tabbatar tana inda ya bar ta. Da ya ɗago sai ga mace a tsakiyar titi, ta riƙo yarinya da hannu ɗaya, ɗaya hannun da jakar cefane. Ya taka birki har ƙasa. Motar ta tsaya, tsakaninta da jakar bai fi kamu ɗaya ba. Matar ta daki bonet da tafin hannu.

"Makaho ne kai? Tsoho da kai!"

Ta ja yarinyar suka haye. Ba abin da ya faru. Na baya suka yi hon, ya ja mota. Wurin nan ya san shi kamar tafin hannunsa, akwai makaranta a gefe, shekara da shekaru ƙafarsa tana sassauta totur a nan tun kafin ya ga kowa. Yau ƙafar ba ta yi ba, domin duk hankalinsa ya tafi gadin hannu.

Ya shiga haraba, ya tsaya, ya bi karatunsa har ƙarshe, ya zagaya ya buɗe ƙofa ya miƙa damtse. Likita ya dafa ya fito. Maimakon ya koma ya gyara fakin, sai Agogo ya bi shi har falo, abin da ba ya yi sai an kira shi. Ya tsaya a bakin kafet, ya ajiye makullin a kan ɗan teburin da ake ajiye magunguna.

Likita ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya dubi makullin.

"Yaron nan ne ya sake yi maka magana?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ni ne."

"Kwana tara ba ka yi kuskure ba. Ina ƙirgawa."

"Ni ma ina ƙirgawa. Abin ke nan. Da ba na ƙirga komai, hanya kawai nake kallo."

Tsohon ya murza kan sandarsa.

"Na ga matar," ya ce.

"Na san ka gani."

"Wata uku nan gaba hannun zai saba."

"Wataƙila. Amma wata ukun a kan titi zan yi su, ba a haraba ba. Kuma 'ya'yan mutane ne a titin."

Likita ya sauke numfashi. Ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi a gaban fuskarsa, yana ɗan karkarwa kamar kullum.

"Ni ban ajiye wuƙa da kaina ba, ka sani? Shekara guda ina ɓoye wannan a aljihun riga. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta kai ƙarata, aka kira ni ofis, yaran da na koyar suka zauna suna kallon tebur. Har yau ban gaishe ta ba, kuma ita ce mai gaskiya." Ya mai da hannun kan cinya. "To wa zai riƙe ni in zan sauka?"

"Duk wanda aka kawo, zan nuna masa yadda ake tsayawa. Sai dai ka riƙa jiransa, Likita. Ba zai kai ni sauri ba."

"Kai ma ai ka daina saurin."

Agogo ya kalli gefe, amma dariyar ba ta zo ba. Suna nan, ɗaya a kujera ɗaya a tsaye, sai mai aiki ta shigo da ruwa ta ga yanayinsu ta juya. A ƙarshe Likita ya jawo makullin ya jefa a aljihu, ya ce masa ya zo ranar Litinin su yi magana da Injiniya kan abin da ya kamata, kuma kar ya kuskura ya zo da sassafe.

A get mai gadi ya tashi tsaye. "Yau da wuri haka?"

"Da wuri."

"Gobe fa?"

"Sai Litinin."

Mai gadin ya dube shi, ya dubi motar da aka bari a karkace a tsakiyar haraba, ya buɗe masa babbar ƙofa gaba ɗaya, ko da yake ƙaramar ta ishi mai tafiya a ƙasa.

Bas biyu ya hau kafin ya iso gida, a tsaye, riƙe da ƙarfe, wani yana taka masa ƙafa. Ƙarfe uku da rabi ya tura ƙofa. Rana ta shigo tsakar ɗakin ta wata taga da bai taɓa sanin tana kawo haske haka ba. Auta tana kan tabarma da kwamfuta a cinya tana cike wata takardar neman aiki. Ta ɗago ta ga hannunsa ba makulli, ta rufe kwamfutar a hankali. Matarsa tana kan kujerarsa, ta ɗora ƙafa a kan bokiti tana gyaran maɓallin riga. Ta dube shi sau ɗaya, daga hula har takalmi, ta tattara ɗinkinta ta tashi ta ba shi wurin.

Ya zauna. Ya cire takalmi ɗaya, ya huta, ya cire ɗayan.

"Ba wanda ya kore ni," ya ce.

"Wa ya ce an kore ka?"

Auta ta tashi ta kawo masa ruwa. Ya karɓa ya sha rabi. Ya dubi bango, ya dubi taga, ya dubi fankar da take juyawa a kasalance.

"Wai me kuke yi a gidan nan da irin wannan lokacin?"

Matar ta zura zare a allura, ta ciji bakinsa.

"Jiranka muke yi, Malam," ta ce. "Yanzu kuma sai mu nemi wata sana'ar."